Ilmin Lantarki Na Shekara Biyu: Abin Da Ya Ke Ci Da Abin Da Ya Ke Haifarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin samari da 'yan mata waɗanda suka gama sakandare, da kuma iyayensu waɗanda nauyin biya zai faɗa a kansu. Kowace shekara, da zarar an fara rajistar jarrabawar JAMB, a kan sami gidaje da yawa inda a ke ta muhawara, a tura yaro kwalejin fasaha ya yi diflomar lantarki, ko a kai shi wurin mai wayarin na unguwa ya koyi sana'a, ko kuwa a daure a jira jami'a. Sau da yawa abin da ke yanke maganar shi ne labarin ɗan maƙwabci, wanda ya yi karatun ya sami aiki, ko wanda ya yi ya komo yana zaman gida. Labarin mutum ɗaya kuwa bai isa a sayar da sa ko a jinginar da gona a kansa ba. Abin da ya kamata shi ne a zauna da alƙalami da takarda a yi lissafi, kamar yadda ɗan kasuwa ya kan yi kafin ya ɗauri kaya.

Wane irin karatu ne?

Karatun da a ke magana a kansa shi ne wanda a ke kira ND, watau ƙaramar difloma ta ƙasa, a fannin fasahar lantarki. Shekara biyu a ke yinsa, zango huɗu, a kwalejojin kimiyya da fasaha waɗanda jama'a suka fi sani da sunan foliteknik. Ba a Nijeriya kaɗai a ke da irinsa ba, gama a Amurka ma akwai takardar shekara biyu mai kama da shi, wadda a ke samu a ƙananan kwalejoji na gari. A Arewa tushensa yana Kaduna. A cikin 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha a can domin a sami ma'aikatan da za su riƙe injuna da ayyukan gini na Jihar Arewa ta wancan zamani. Ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 1991. Yanzu akwai irinta a Bida da Bauchi da Mubi da Ƙaura Namoda da Kazaure, ban da na jihohi, kamar ta Ramat a Maiduguri, da ta Hassan Usman a Katsina, da ta Nuhu Bamalli a Zariya.

Hukumar da ke tsara abin da za a koyar, ta kuma tabbatar da cancantar kowane kwas, ita ce NBTE, wadda aka kafa a 1977, babban ofishinta kuwa yana Kaduna. Kafin a ɗauki ɗalibi a kan nemi kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, a cikinsu da Lissafi da Turanci da Fiziks da Kimistiri, sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB. A shekarar farko yawancin karatun lissafi ne, da zanen fasaha, da ƙa'idodin yadda lantarki ke gudana, da aikin hannu a ɗakin gwaji. A ta biyu a kan shiga sha'anin injunan lantarki da taransifoma, da rarraba wuta, da na'urorin awo, da sadarwa, kāna ɗalibi ya haɗa wani abu da hannunsa ya kawo a duba. A tsakanin shekarun biyu akwai wata huɗu na sanin makamar aiki a wata ma'aikata, tsarin da a ke kira SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973.

Wajibi ne a san matsayin mai wannan takarda tun da wuri, domin rashin saninsa shi ya ke kawo ɓacin rai daga baya. Mai ND ba injiniya ba ne a wurin doka, ko da dukan unguwa suna kiransa da wannan suna. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin lura da aikin injiniya, ta kasa ma'aikata kashi huɗu: injiniya mai digiri, da mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da mai sana'ar hannu. Injiniya shi ke tsara aiki ya sa hannu a kan zane. Mai sana'ar hannu shi ke fasa bango ya ja waya. Mai difloma yana tsakaninsu, shi ne wanda zai karanta zanen ya gane shi, ya auna, ya gwada, ya nemo inda lalura ta ke in inji ya tsaya, ya kuma lura da masu aikin hannu. Wannan matsayi na tsakiya shi ne abin da a ke saye da kuɗin makaranta.

Abin da ya ke ci

Iyaye da yawa in sun ji kuɗin rajista sai su ɗauka sun ji tsadar karatun duka, alhali kuwa a kwalejojin gwamnati kuɗin rajista ba shi ne mafi nauyi ba. Ya bambanta daga wannan kwaleji zuwa waccan, na ta tarayya daban, na ta jiha daban, a can ma abin da ɗan jiha zai biya ba ɗaya ya ke da na baƙo ba, ta masu zaman kansu kuwa ta fi duka tsada. Kowace kwaleji tana fitar da jadawalinta a farkon shekarar karatu, shi ya kamata a nema a karanta, kada a dogara da ta bakin wanda ya gama bara waccan.

Abin da ke cin gida a hankali shi ne na yau da kullum. Ɗakunan kwana na kwaleji ba su isar ɗalibai, saboda haka da yawa su kan kama haya a gari, su biya na shekara gaba ɗaya. Ga abinci, ga kuɗin mota safe da yamma, ga takardun darasi da a ke bugawa, ga kayan zane, ga kayan aiki irin su filaya da sukuddireba da tasta da mitar awo, waɗanda ɗalibin da ya san abin da ya ke yi zai so ya mallaki nasa. A zango na ƙarshe kuma aikin da za a haɗa yana bukatar sayen kaya, kayan lantarki kuwa yawancinsu daga waje a ke shigowa da su, farashinsu yana bin dala. Yaron da kwaleji ke garinsu, yana kwana gida yana cin tuwon gida, da wanda aka tura wata jiha, takarda iri ɗaya za su karɓa, amma abin da aka kashe musu ba zai zo kusa da juna ba. Wannan kaɗai ya isa a fara duban kwalejin da ke kusa kafin a dubi mai suna.

Akwai kuma wata tsada wadda ba a rubuta ta a rasit, watau lokaci. Tun daga dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne a wata. In an auna wata 24 da wannan ma'auni, an sami naira 1,680,000, shi ne abin da mutum zai bari in yana da aikin albashi ya ajiye ya tafi karatu. Lalle ba kowane saurayi ke da irin wannan aiki ba, yaron shago ma da farko abin da ya ke samu bai wuce na abinci da na sabulu ba. Amma yaron shago a cikin wannan shekara biyu hannunsa yana faɗawa, mutanen unguwa suna saninsa, har a fara kiransa gyara shi kaɗai. Duk wanda ya zaɓi aji ya bar wannan, sai ya rubuta shi a cikin lissafinsa.

Shekara biyun ma ba kullum ta ke tsayawa biyu ba. Yajin aikin malaman foliteknik da aka fara a watan Oktoba na 2013 bai ƙare ba sai a watan Yuli na 2014. Jami'a ba ta tsira daga wannan ba, gama nata yajin na 2022 ya ci wata takwas. Hayar ɗaki kuwa ba ta yajin aiki.

A cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ba ɗalibai rance ta hannun asusun NELFUND, ɗaliban foliteknik na gwamnati kuma suna cikin waɗanda suka cancanta. Rance ne marar ruwa, a kan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga kwaleji, a kuma ba ɗalibi wani abu na kashewa a wata, sa'an nan in ya fara samu a riƙa cire kashi 10 cikin 100 har ya biya. Sauƙi ne babba ga gidan da ba shi da hali, amma bashi ne, a shafin tsada a ke rubuta shi.

Abin da a ke saye da wannan kuɗi

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne mai difloma ya sani wanda ƙwararren mai wayarin bai sani ba? Amsar gaskiya ita ce, a wajen aikin hannu sau da yawa babu, kai, mai wayarin ɗin ma ya fi shi sauri da tsabtar aiki. Bambancin yana wajen lissafi, misali biyu kuwa za su nuna shi.

Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. A ce mai shago ya sa hita mai cin wat 3,000 da dutsen guga mai cin wat 1,500 a kan waya guda. In an raba 4,500 da 230 za a ga kusan amfiya 20 ce za ta bi wannan waya. In siririyar wayar nan ce ta milimita 1.5 wadda aka ja domin ƙwan fitila, to, an ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba. Zafin da waya ke yi kuwa ba daidai da nauyin da aka ƙara ya ke ƙaruwa ba, in an ninka amfiya sau biyu zafi ninkuwa ya ke yi sau huɗu. Fis an yi shi ne domin ya tsinke kafin waya ta ƙone, amma in ya cika tsinkewa sai wani ya ɗaure shi da waya mai kauri, ya ce ya gyara. Wuta ta tsaya, mai shago ya yi godiya, ya biya. Robar wayar tana narkewa a cikin silin, ba mai gani, har daren da a ke barci. Wanda ya koyi aiki da ido kawai yana iya yin shekara ashirin bai gamu da wannan ba, domin ubangidansa ya nuna masa wace waya a ke sa wa soket, wace a ke sa wa fitila. Amma ranar da aka kawo masa abin da ubangidan bai taɓa nuna masa ba, ba shi da hanyar da zai gane amsa da kansa.

Misali na biyu daga sha'anin sola ne, wanda ya cika gari yanzu. Maigida yana da ƙwan fitila shida masu wat 10 da za su yi awa shida, watau 360, da fanka biyu masu wat 60 da za su yi awa takwas, watau 960, da talabijin mai wat 80 na awa huɗu, watau 320. Jimla 1,640 ke nan a kowane dare. Aka sayar masa da batir guda mai bolt 12 da amfiya 200, wanda in an ninka zai ba da 2,400, sai a ga kamar ya isa har da saura. Alhali kuwa batir irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, watau 1,200, ban da abin da inbata ke ci a wajen juya wutar. Saboda haka kowane dare sai an tatse shi fiye da ƙima, ga kuma zafin bazara wanda shi ma yana rage masa kwana. Batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu da wuri, maigida ya ce sola ƙarya ce, ko kuwa ya ce an sayar masa da jabu. Lissafin da zai hana wannan bai fi na minti biyar ba, ɗalibin shekarar farko ma ya iya shi.

Wanda ya iya irin wannan awo shi a ke ba aikin masallacin Juma'a da asibiti da famfon burtsatse na gari, shi ne kuma injin casar shinkafa zai nema in babban injinsa ya ƙone, domin kowace awa da inji ya yi a tsaye asara ce. Amma sai in hannunsa ya iya abin da kansa ya sani. A nan ne abin takaici ya ke, gama a kan sami mai difloma wanda ya ci jarrabawar taransifoma da maki mai kyau, bai kuwa taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ɗalibai sun yi yawa, kayan gwaji sun yi kaɗan, mutum goma sun kewaye na'ura guda, biyu suna taɓawa, takwas suna rubutu. Irin wannan ya biya tsadar karatun duka, ya karɓi rabin kayan.

Ina aikin ya ke?

A da, amsar ba ta da wuya. Hukumar lantarki ta gwamnati ce, ECN da fari, sa'an nan NEPA daga 1972, tana ɗaukar ma'aikata da fansho. Masaƙu suna aiki dare da rana a Kakuri ta Kaduna, masana'antu sun cika Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano. Iyaye da yawa har yanzu da wancan zamani su ke auna takarda. Amma babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wadansu suka bi bayanta. A watan Nuwamba na 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu. Na Kano yana riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, na Jos da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Suna ɗaukar masu difloma domin aikin layi da mita da ƙananan tashoshi, amma kamfani ba ya ɗaukar mutum don takardarsa, sai don abin da zai yi masa.

Aikin gwamnati yana nan, sai dai ƙofarsa ƙarama ce, masu jira kuwa da yawa. A tsarin aikin Gwamnatin Tarayya mai ND ya kan fara ne a mataki na 6, mai babbar difloma da mai digiri a mataki na 8. Wanda ya shiga wannan karatu da niyyar ya ajiye takarda a ofis ya jira ƙarshen wata, ya zaɓi hanya mafi tsawo zuwa ga riba mafi ƙanƙanta.

Abin mamaki shi ne, ƙarancin wuta da kansa shi ya ke buɗe wa mai ilmin lantarki kasuwa. An gina madatsar Kainji a 1968 mai megawat 760, da ta Shiroro a 1990 mai 600, da ta Zungeru mai 700 wadda aka gama a 2023, duk da haka abin da babban layi ke kaiwa ga mutum fiye da miliyan 200 yawancin kwanaki yana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa sun yi kwanaki a jere cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, janareta ya zama abin da ba kowa ke iya ciyarwa ba, sai masu shaguna da masu noman rani da makarantu suka juya ga sola. Kowane faranti da aka ɗora a kan rufi yana bukatar wanda zai auna shi, ya haɗa shi, ya komo ya gyara. Haka turakun kamfanonin waya da suka bazu a ƙasa tun 2001, kowanne yana da janareta da batura da ke neman mai lura. Ga kamfanonin siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, ga injunan shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakarsu.

Yawancin wannan aiki ba na albashi ba ne, na kwangila ne da jinga, wata a samu da yawa, wata a samu kaɗan. Yana kuma da hatsari, domin layin da ke bi ta kan falwaya a cikin gari bolt 11,000 ne ko 33,000, ba ya ba mutum damar kuskure na biyu. Iyayen 'ya mace su sani ba dukan aikin ba ne hawan falwaya. Gwajin mita, da gyaran inbata, da zanen wayarin, da koyarwa a makarantun fasaha, duk a ƙasa a ke yinsu, akwai kuma gidajen da mace ce kaɗai za a bari ta shiga ciki ta yi gyara.

In ana son a ci gaba

Mai ND da ya fita da sakamako mai kyau yana da hanya biyu. Ta farko, ya yi shekara guda yana aiki a wata ma'aikata, sa'an nan ya komo ya yi shekara biyu ta HND, watau babbar difloma, kāna ya tafi bautar ƙasa, gama mai ND kaɗai ba ya zuwa. Biyu da ɗaya da biyu da ɗaya, shida ke nan. Wanda ya shiga jami'a kai tsaye ya yi digirin injiniya zai yi shekara biyar, da ta bautar ƙasa, shi ma shida. Ashe wanda ya yi niyyar zuwa ƙarshe bai rage ko shekara ɗaya ba don ya bi ta foliteknik. Hanya ta biyu ita ce ya shiga jami'a a aji na biyu da diflomarsa, wannan kuwa shekara bakwai za ta ci in an haɗa duka.

A ƙarshen shekara shidan nan ma ba a tsaye ɗaya su ke ba. An daɗe ana kuka a kan bambancin da a ke nunawa tsakanin HND da digiri, musamman a aikin gwamnati, inda aka saba tsayar da mai HND a mataki na 14. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma har waccan gwamnati ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Mai HND da ke son COREN ta rubuta shi a matsayin injiniya sai ya ƙara wani karatu a jami'a.

To, ina fa'idar bi ta foliteknik? Fa'idarta ita ce tana da ƙofar fita a tsakiya. Ɗalibin jami'a da mahaifinsa ya rasu yana aji uku, ko kasuwa ta karye, zai komo gida da takardar sakandare kawai. Ɗan foliteknik da haka ta same shi bayan shekara biyu yana da takarda a hannu da abin da zai ci abinci da shi, yana kuma iya tara kuɗin HND da guminsa. Ga gidan da samunsa ya dogara ga damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda a ke lissafin

A haɗa abin da za a kashe na shekara biyu, rajista da haya da abinci da mota da kayan aiki, a ƙara da abin da yaro zai bari na samu. Sa'an nan a ƙiyasta da nawa samunsa na wata zai fi na tsaransa wanda ya tsaya a shago. A raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne yawan watannin da kuɗi zai yi kafin ya komo. A ƙaddara, don misali kawai, an kashe naira 1,200,000, bambancin samu kuwa naira 30,000 ne a wata, to, sai bayan wata 40. In bambancin 10,000 ne, shekara goma ke nan. In kuwa ya gama ya zauna shekara biyu yana yawo da takarda daga ofis zuwa ofis, ba a ma fara ƙirga ba tukuna. Kowane gida ya sa nasa adadin, ya kuma tambayi mutum uku ko huɗu da ke cikin aikin a garinsu, ba mutum ɗaya ba.

In an yi haka za a ga wanda ya fi kowa cin ribar wannan karatu shi ne yaron da ya riga ya zauna a shago, ko ya fito daga makarantar fasaha, kuma lissafi bai gagare shi ba. Yana zuwa aji da safe, da yamma yana bin ubangidansa wurin aiki, abin da aka zana a allo yana ganinsa a bango. Shi bai bar samunsa duka ba, bai kuma rasa mutanen da suka san shi ba. Wanda ya fi kowa asara kuwa shi ne wanda aka tura don makinsa bai kai na jami'a ba, ba ya son lissafi, yana kuma ƙyamar datti. Wannan da an kai shi wani fanni tun farko da ya fi masa. Yaron da ke da hannu amma lissafi ya ƙi shi sarai, shi ma ba a rufe masa hanya ba, akwai jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya, wadda ba ta bukatar ya bar shago.

Kafin a biya ko kwabo, ya kamata uba ko wa ya taka da ƙafarsa zuwa kwalejin, gama gani ya kori ji. Ya tabbata NBTE ta amince da kwas ɗin lantarki na wannan kwaleji musamman, domin amincewa da kwaleji daban, amincewa da kwas daban, takardar kwas marar amincewa kuwa tana iya hana mutum shiga HND. Ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji a ranar karatu, ya duba ko injunan suna juyawa ko ƙura ta rufe su, ya ƙirga ɗalibi nawa ke kan na'ura guda. Wurin da za a yi wata huɗun SIWES a fara nemansa tun zangon farko, a zaɓi inda za a ba yaro filaya ya riƙe ko da ba a biyansa, a guji inda za a sa masa hannu a littafi yana zaune. Bayan an gama kuma a tanadi kuɗin jarrabawar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, domin ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ita ce takardar da kamfanin rarraba wuta ya kan nemi gani kafin ya haɗa sabon gini da layi.